Yinin da Rana Ta Ƙi Faɗuwa wa Baba Sylvanus

Duk wanda ya daɗe a Unguwar Boro ta Kaduna ya san Baba Sylvanus, tsohon direban tirela ɗan asalin Shendam. Ƙuruciyarsa kaf a kan hanyar Kaduna zuwa Legas ta ƙare. Ya san ramukan Mokwa, ya san inda ake kwana in gadar Jebba ta cushe. In aka ce masa gari kaza na da nisa, tambayarsa ɗaya ce: sau nawa ake tsayawa shan mai?

Bayan ya ajiye tuƙi, 'yarsa Lizzy, wadda ke aikin jinya a Calgary ta ƙasar Kanada, ta haihu. Ta dage sai ya zo bikin baftismar jikansa. Ya yi ta kawo uzuri, har matarsa Mama Dorcas ta haɗa masa kaya da kanta.

Daga Abuja jirgi ya kai shi Frankfurt ta Jamus, ya sauya wani da azahar. Wannan na biyun ne ya girgiza shi. Allon da ke bayan kujerar gabansa ya nuna kilomita sama da dubu bakwai. Ya lissafa da idon direba: Kaduna zuwa Legas har sau takwas, ba tsayawa, ba taya ko ɗaya a ƙasa.

Ya ci abinci, ya yi barci, ya farka. Rana na nan ta taga. Ya sake gyangyaɗi, ya farka, tana nan daram. Da ya leƙa ƙasa sai ya ga fari fat iyakar ganinsa, ba gida, ba bishiya, ba ko sawun mota.

"'Yata, wannan gajimare ne?" ya tambayi ma'aikaciyar jirgin da Turancinsa na tasha.

"Ƙanƙara ce, Baba. Ƙasa ce guda, Greenland."

Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Leɓɓansa suka shiga motsi da addu'a.

Da suka sauka, agogon hannunsa ya ce tuni Kaduna ta yi barci, amma ga rana tsaka a Calgary. Lizzy ta rungume shi tana kuka. Abin da ya fara ce mata shi ne, "Lizzy, ashe duniyar Ubangiji haka take da faɗi?"

Da ya dawo gida, tsohon abokin tuƙinsa Malam Mustapha ya taso daga unguwar Makera ya yi masa barka da sauka. Ya saurari labarin har ƙarshe, shayinsa ya huce a hannu.

"To Sylvanus, in ni ne a jirgin nan, yaushe zan yi magariba?"

"Wallahi Malam, sai ka jira. Ni ma na jira ta, ba ta zo ba."

Mustapha ya girgiza kai a hankali. "Allah mai iko," ya ce.

"Amin," in ji Baba Sylvanus, ya miƙa masa wayarsa ya ga hoton jikan.