Sunan Maƙeri a Ɗaki na Huɗu

Turawa ne suka gina gidan yarin, ko in ce su suka tsaya a inuwa, fursunoni suka ɗauko duwatsun a ka. Cikin masu ɗaukar har da wani maƙeri da ya ƙi aikin tilas. Wata bakwai ya yi a ɗaki na huɗu, sai aka aiko wa matarsa da rigarsa. Inda aka binne shi, har yau babu wanda ya sani.

Ɗansa yana goye a lokacin. Da ya girma, wani tsohon fursuna ya gaya masa cewa maƙerin ya zana sunansa da ƙusa a bango, ƙasa-ƙasa, bayan ƙofa. Shi ya sa ya nemi aikin gandiroba. Dangi suka yi ta zaginsa, wai ya je gadin ƙofar da ta cinye ubansa.

Turawa sun tafi sun bar wata ɗabi'a: in babba zai zo, a shafe ko'ina da farar ƙasa. Rufi na yoyo, bokitin bahaya na wari, amma bango sai ya yi fari fat. Shekara talatin da ɗaya ɗan maƙerin ke karɓar burushin ɗaki na huɗu da kansa, ya kewaye wurin sunan, faɗin tafin hannu. Abokan aiki suka sa masa Mai Burushi, wai ya fi son bango a kan matarsa. Ko mutum ɗaya a cikinsu bai gaya wa dalili ba, kuma wannan shi ne kuskurensa.

Bayan ya yi ritaya aka rufe gidan, aka ce za a mai da shi gidan tarihi. Yayarsa, wadda ta makance, ita kaɗai ta rage da ta san fuskar ubansu.

"Ƙanena, tunda yanzu kowa zai shiga, ka kai ni in taɓa sunan Baba."

Ranar buɗewa ya riƙo hannunta tun da safe. Mai kula da wurin, wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashinsa, ya tarbe su da fara'a.

"Baba, zo ka ga aiki. Babba zai zo, ai ka san tsarin. Duk zane-zanen nan na fursunoni mun bi su da siminti."

 Ƙanen ya ja yayarsa ɗaki na huɗu, suka durƙusa bayan ƙofa, ya ɗora tafinta a kan sabuwar filasta.

Ta daɗe tana shafawa.

"Nan ne?"

"Nan ne, Yaya."

"Ban ji komai ba," ta ce. "Ko dai hannun nawa ne shi ma ya mutu?"

"Hannun ne," ya ce.