Ummaru Mai Kazagi, Wanda Ya Tsaya Tsakaninmu

Ina Gwandu labarin ya iske ni. Na je sunan jikana wurin ɗiyata, anka yi suna lafiya, na ce bari in leƙa kasuwa in sayi igiya kafin in kama hanyar gida. Nan na ci karo da wani mai jakai da ke kawo busasshen kifi daga wajenmu, ƙasar Kalgo. Ya dube ni ya ce, "Baba, ba kai ne Arzika mai gangar Dangoma ba?" Na ce ni ne. Sai ya sauke murya ya ce, "Ashe haka Allah ya yi ikonsa. Ya haƙuri?" Ya ɗauka na sani. Na ce haƙurin wa? Ya ce, "Ummaru mai kazagi. Zazzaɓi ne, bai daɗe kwance ba. An kai shi makwancinsa tun kafin in ɗaura kaya." Na yi salati, na ce daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Igiyar ban saye ta ba.

Surukina ya ce in hau jakinsa, na ƙi. Ƙafar da ta bi gonaki tare da Ummaru ita za ta kai ni gaisuwarsa. Da na kusa gida, hanya ta bi da ni ta gefen gonarsa, na tsaya. Hatsi ya tsiro ya kai tsawon tafin hannu, amma ciyawa ta kere shi. Ciwo bai bar shi ya yi noman fari ba. Ya bar matarsa Kulu da yara ƙanana, babu mai iya riƙe hauya a cikinsu. Duk wanda ya taɓa shuka ya san abin da na gani: in ba a kai wa gonar nan hannu da wuri ba, gidan Ummaru ba su da abin ci bana.

Ni ban yi karatu ba, in ban da abin salla. Ƙanen limaminmu ne ke riƙe da alƙalami, ni ina faɗi, kuma na ce masa ya sa yadda na faɗa. Abin da na sani game da mutumin nan a kaina yake, kuma kan nan ya tsufa, gara a sauke.

Mu ba makaɗan gado ba ne. Babu ubanmu da ya taɓa rataya ganga, kuma ba mu bin ƙofar kowa. Manoma ne mu huɗu, kowa da gonarsa. In an kira gayya, samari sun taru su taya wani noma, sai mu ajiye hauya mu bi bayansu da kiɗa don hannu ya yi sauri. Ladanmu fura da goro, wani lokaci damin hatsi in kaka ta yi kyau. Ni ke da babbar ganga. Nomau ke waƙa, shi ya san sunan uban kowa da kakansa. Jaɓɓi, Bafillacen da ke zaune ruga bayan gari, shi ke busa sarewa. Ummaru kuwa kazagi ne a wuyansa, 'yar ƙaramar gangar da ke amsa wa babba. In na buga na ɗaga hannu, shi ke cike gurbin.

Mutumin Dodoru ne, can ƙasar Gwandu. Bayan zuwan Nasara da 'yan shekaru, wata shekara da ruwa ya ɗauke yunwa ta kori mutane, ya sauko wajenmu neman fadama. Bai zo da komai ba sai tabarma da kazagin nan. Ranar da ya fara jin ina kaɗawa bai nemi izni da baki ba. Ya tsaya nesa kaɗan yana amsawa a hankali, har na waiwaya na ce masa, "In za ka shigo ka shigo, ka daina leƙe." Ya matso. Daga ranar Yaya yake kirana.

Shi ya kawo mana Jaɓɓi. Ya ji shi yana busa a mashayar shanu, ya jawo shi. Na ce ban yarda ba. Sarewa ta kiwo ce, ba ta noma ba. Haka na faɗa ranar, kuma har gobe ban janye ba. Ban da wannan, ni Bakabe ne, jinin masunta, shi Bafillace, iyayenmu sun yi zamani suna harbin juna tsakanin garuruwan nan, kuma da ni da shi duk mun tashi da labarin a kunne. Ummaru bai yi gardama da ni ba. Ya ce, "Yaya, a bari ya busa yau kaɗai. In samari sun ajiye hauya, ni da kaina zan raka shi ruga." Samari ba su ajiye ba. Gayya ta gaba ya sake cewa yau kaɗai. Har furfura ta fito masa yana cewa yau kaɗai.

Abin da zan faɗa yanzu duk Dangoma an san shi, ana ma yi mana dariya a kai. Ni da Jaɓɓi ba mu taɓa yi wa juna magana kai tsaye ba. Ba gaba ba ce irin wadda addini ya hana. In mun haɗu akwai sallama, akwai amsawa. Amma duk abin da ya wuce haka sai ta bakin Ummaru, wanda kullum ke tsaye tsakaninmu, ni a damansa, Jaɓɓi a hagu.

Sai in ce, "Ummaru, gaya wa ɗan bin wutsiyar shanun nan, karan nasa kuka yake kamar akuyar da igiya ta shaƙe."

Ummaru ya juya, fuska ba dariya, ya ce, "Jaɓɓi, Yaya ya ce ka ɗan sauko da murya, yana son ya ji ka sosai."

Jaɓɓi ya ce, "To gaya wa mai ƙarnin kifi, in ya daina dukan fatar nan kamar ita ta cinye masa shuka, kowa ma zai ji."

"Yaya, Jaɓɓi ya ce hannunka akwai albarka, a rage wa gobe."

Kafaɗar mutum ɗaya ce tsakanina da Jaɓɓi, duk mun ji abin da anka faɗa da kunnenmu. Amma abin da ya fito bakin Ummaru shi ne magana, shi ake amsawa. Jaɓɓi ya sauko da murya, ni na sassauta hannu, ba wanda ya ji an ci mutuncinsa. Na taɓa ce wa Ummaru, "Kai, wanga abu naka ba ƙarya ba ne?" Ya ce, "A'a, Yaya. Kai ka faɗi abin da ke bakinka, ni na kai abin da kake nufi. Ba saukowa kake so ya yi ba?"

Al'adar gayya, gwani makaɗa ke bi, shi ake yi wa kirari, wanda anka bari baya kuwa sai zambo. Wata gayya a Diggi, wani magidanci ya yi ta zama baya, Nomau ya gyara murya zai saka shi a waƙa. Sai Ummaru ya bar wurinsa ya koma bayan mutumin, yana kaɗa masa daidai da saran hauyarsa, ba sauri, har ya fita ƙarshen gona. Da Nomau ya yi ƙorafi an ɓata masa waƙa, Ummaru ya ce, "Na gaba yana da 'yan kallo. Wanga ba shi da kowa sai mu." Daga baya munka ji mutumin bai karya ba ya fito, abin da ke gidan ya bar wa yara.

In an ba mu goro, Ummaru kan miƙa wa Jaɓɓi ya fasa, ni in fara zaɓa, shi Ummaru ya ɗauki abin da ya rage. Shekarar da kafaɗata ta fara ciwo, in an tashi gayya sai ya saɓi gangata bisa tasa, ya ce wai yana koyon nauyinta ne ko wata rana ya gaje ni. Bai taɓa cewa na tsufa ba. Na girme shi nesa ba kusa ba. Ni ya kamata a yi wa wanga zama, shi ya zauna ya faɗi nawa, da kuwa ya faɗe shi da kyau fiye da yadda yake.

Ba zan ce ba shi da aibi ba. Gonarsa ce kullum ta ƙarshe a noma, don ba a kiran gayya ya ce yana da uzuri, kuma bai taɓa iya buɗe baki ya kira tasa ba. Kulu ta sha yi masa faɗa a kai, kuma gaskiya gare ta. Sai ya ce mata, "Bari a gama da mutane." Bana ma mutanen yake jira a gama da su.

Da na shiga gaisuwa, Kulu na bayan zana, ta yi mini magana daga nan. Ta ce, "Baba, kun biyo ta gonar?" Na ce na biyo. Ta ce, "Ni ina takaba, ba ni fita. Ita kuwa ciyawa ba ta san an yi mutuwa ba."

Lokacin nan kowa ta gonarsa yake yi, ba abin da ke tara samari sai ganga. Na je wurin liman na tambaye shi ko ya halatta a kaɗa, ga gida cikin makoki. Ya ce gonar tana nesa da gidan, kuma kiɗan aiki ne ba na wasa ba. A yi, amma ban da rawa, ban da zambo. Saura Jaɓɓi. Na ce wa Nomau, "Je ka gaya wa Bafillacen nan jibi akwai gayya gonar Ummaru. In ya ga dama ya zo da karansa, in bai zo ba kunnuwan mutane sun huta." Yadda na saba faɗi na faɗa. Nomau kuwa mawaƙi ne, abin da ya shiga kunnensa ba ya zubar da ko kalma. Ya kai ta ɗanya yadda take, ya dawo mini da amsa ɗanya: "Ya ce ka kaɗa kai kaɗai, tun da kai ne kiɗan." Na ce da Nomau ai ko jaki anka aika ya fi shi hankali. Ya ce shi abin da anka ba shi ya kai.

Ranar gayya samari sun zo, ba laifi, sunka jeru bakin gona. Na yi bisimilla na fara. Na buga, na ɗaga hannu yadda na saba, sai shiru. Hauyoyin da sunka tashi tare sunka sauka barkatai. Na sake bugawa da niyyar in cike gurbin da kaina, hannuna ya ƙi, don bai taɓa koyon abin da ake sawa a wurin ba. Nomau ya ja waƙa, da ya zo sunan mai gona muryarsa ta karye. Samari sunka fara miƙewa suna dafe ƙugu. Wani ya ce, "Baba, ko a bari sai wata rana?" Na dubi hatsin nan da ya fara yin ɗorawa-ɗorawa ƙarƙashin ciyawa. Ba shi da wata rana.

Can ƙarshen jeri wani mai malfa ya jingine hauya. Jaɓɓi ne. Ashe tun safe yana cikin manoma ban lura ba. Bai zo busa ba, noma ya zo yi wa abokinsa. Ya sa hannu cikin riga ya zaro sarewa, ya tako ya tsaya inda ya saba tsayawa, ya bar wurin mutum ɗaya tsakaninmu. Bai dube ni ba. Na buga, na ɗaga hannu, sai ya busa. Ba busarsa ta kullum ya yi ba, wadda ke yawo kamar shanu sun watse. Amsar kazagi ya yi, gajere-gajere, daidai inda Ummaru ke sa ta. Hauyoyi sunka sauka sara ɗaya. Ban san lokacin da ya haddace ta ba. Munka bi bayan samari haka, ni ina kira yana amsawa, hawaye na sauka cikin gemuna ba ni da hannun sharewa. Kafin la'asar anka fita ƙarshen gona, hatsin Ummaru ya tsaya shi kaɗai yana shan iska.

Munka zauna gindin tsamiya, maƙwabtan Kulu sunka kawo fura. Jaɓɓi ya daɗe yana juya ludayi, sannan ya ce, "Arzika." Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba.

Na ce, "Ina ji."

"Akwai maimai nan gaba, noma na biyu. Akwai girbi."

"Na sani. Ba kai za ka koya mini noma ba."

"To. In lokaci ya yi ka aiko. Amma kada ka aiko Nomau."

Nomau ya ce, "Ni mi na yi?"

Na ce, "Ni zan zo da ƙafata. Ka ɗaure karnukan nan naka."

Ya ce zai ɗaure. Nan maganar ta tsaya, kuma ku da ke sauraro ku ne shaida: muddin ina iya ɗaga hannu, gonar Ummaru ce ta farko a kowace gayya har yaransa su kai riƙon hauya.

Na gode wa Allah da ya haɗa ni da bawansa Ummaru. Na gode wa Dodoru da ta haife shi, ko da yunwa ce ta ba mu shi. Ya Ubangiji, mutumin nan ya ƙare kwanansa yana ɗaukar maganar mutane yana kai ta da kyan da ba ta fito da shi ba. Ka karɓi ayyukansa da kyan da ya fi nasu. Ka yafe masa abin da ya ɓata, da saninsa da rashin saninsa. Ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya shi, ka sa ya amsa tambaya da sauƙi, ka tashe shi cikin ceton Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi.

Ka ba Kulu haƙuri, ka fitar da ita takaba lafiya. Ka raya yaran da ya bari, ka shirye su, kada ka bar su su nemi abin ci a hannun wanda zai goranta musu. Ka ba hatsin nan ruwa daidai, ka tsare shi daga fara da tsuntsu har ya shiga rumbu. Mu kuma da munka rage, ka sa mu cika da imani in namu ya zo, kafin nan ka ba mu haƙurin jin maganar juna yadda take, tun da mai tace mana ita ya tafi. Amin.