Garmar Malam Usman bahaguwa ce

Jiya Malam Usman ya shigo shagon waldata a unguwar Mahjar yana ta murmushi, ya miƙo min waya, bidiyo na tafiya a ciki. "Yalla, kalli aikinka!"

Direba ne a unguwar Abhur. Wata biyu da suka wuce ya kawo min karyayyen bakin garmar shanu, wanda ƙanensa ya aiko daga ƙauye ta hannun wani mai umra. Garmar marigayi babansu ce, kuma hagu take kifar da ƙasa. Sun zagaye kasuwanni, duk bakin da suka samu na dama ne, ga gasar huɗa ta matso.

Na ce, "Malam, ku mai da ita ta dama mana, halas, shi ke nan, kowa ya huta."

Ya girgiza kai. "Dokar gasar ita ce tsohuwar garma ta shiga yadda aka ƙera ta. In aka juya ta, alƙalai za su fitar da ita. Kuma ɗan'uwa, da hagun nan ta ciyar da mu tara."

Kunya ta kama ni. Na samo ƙarfen sifirin tsohuwar babbar mota, na kwana uku ina yanka ina lanƙwasawa. Sau biyu hannuna yana kaucewa dama saboda sabo. Da na gama sabon bakin, Malam ya aika da shi ƙauye.

A bidiyon da ya nuna min jiya, ga ƙanensa bayan shanu, kunyoyi sun miƙe sambal. Na uku ya zo a gasar. Malam ya share ido, ya aika a kawo mana shayi.

Saura kaɗan in gyara abin da bai lalace ba. Ku fa, wane tsohon kaya kuka hana a taɓa a gidanku?