Mai Waakye da Ƙaramin Yatsa

A unguwar Moshi Zango, Nasrullah na tsaye gaban wata mai waakye, wato shinkafa da wake, da bai taɓa gani ba, motar haya ta trotro na shirin tashi ta bar shi. Hannunta duk mai, sai da ƙaramin yatsa take latsa waya, leɓɓanta na motsi. Ya leƙa, ashe labari take rubutawa. Goyonta na kuka, kwandasta na ihun "Kwadaso!", inda motar za ta, ita ko a jikinta. Wataƙila tun asuba labarin ke cin ta.

"Hajiya, don Allah, mota za ta tafi!"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ɗan'uwa, yi haƙuri. Matar cikin labarin nan naƙuda take yi. In na bar ta yanzu, wa zai karɓi haihuwar?"