Firigon Inna da aikina na lakwal

Ku yi haƙuri, ban saba rubutu a nan ba.

Ranar Litinin ina tsaye gaban ajinmu a lakwal, wato makarantarmu ta Konni, zan gabatar da aikina kan noman albasa, sai shafin ya ƙi buɗewa. Aikin yana cikin tsohuwar kwamfutar yayana Sanusi a gidanmu na Malbaza. Ya shirya ta yadda muke rubutu a cikinta ta intanet daga ko'ina.

Mushe, wato malaminmu, ya bar ni na kira gida.

"Inna, kwamfutar Yaya tana kunne?"

"Wagga da ke gurnani ba kowa gabanta? Na zare ta, na jona firigo. Kin san wurin jonawa guda ne."

"Inna, aikina na ciki, yau za a ba da maki!"

"To ki yi maza, kamin ƙanƙarata ta narke."

Ta mayar, na gabatar. Ƙawata Rabi, da manhajarta ke cikin na'urarta, ba ta kira kowa ba.

Yaya ya ce hanyarsa ta fi, don ko na'urarka ta ɓace, aikinka yana nan. Ni dai yanzu nakan ajiye kwafi a wayata.

Ku wace kuka fi yarda da ita? In ban takura muku ba, ku yarje mini in sake rubutu.