Littafin Binta a Cikin Murhu

A gidanmu na unguwar Nima, da an idar da sallar magariba sai Kaka Azumi ta jawo murhun gawayi bakin ƙofarta, ta jera masara a kai, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta cika yin tatsuniya ba. Labarin da take so shi ne na kamfanin takarda da mijinta, Malam Garba, ya kafa.

Da buhunan siminti na takarda ya fara, in ji ta. Yakan tsince su a wuraren gini, ya kakkaɓe, ya yayyanka, ya sayar wa masu ƙosai a unguwar Maamobi su riƙa naɗe ƙosai. Daga nan ya koma kwasar ragowar takarda a gidajen ɗab'i, har ya kai ga sauke dila-dila daga tashar jirgin ruwa ta Tema, yana raba wa makarantu. Idan ta kawo kan rasuwarsa, sai ta dafa kan Binta, 'yar Baffa Idi, ta ce, "Babanki ne ya riƙe mana shagon nan."

Ni kuwa babana tela ne, sunansa bai taɓa fitowa a labarin ba. Binta takan zo da littafin rubutu mai sheƙi, nawa kuwa guntayen takardu ne da Baba ya ɗinka mini. Wata rana, ina 'yar shekara tara, na fizge nata na cusa a murhu.

Kaka ba ta dake ni ba. Ta ciro shi da sanda, ta ce, "Rakiya, me takarda ta yi miki?"

"Kullum babanta! Nawa fa?"

Ta juya masara, ta ce, "Shekarar da jirgi ya daina kawo kaya, saura kaɗan shagon ya rufe. Babanki ya kwashe ragowar da ke sito, wata uku yana ɗinka littattafai a kan kekensa, Idi yana sayarwa. Da aka ce ya zo su riƙe shagon tare, ya ce shi ɗinkinsa yake so. Shi ya hana ni faɗa."

Na zaci hakan zai sanyaya mini zuciya, ashe ƙara hura ta zai yi: da ya yarda, da yanzu mu ma da rabonmu.

Yau Binta ce ke tafiyar da kamfanin, ni kuma malamar firamare ce. Sai da na girma na gane Baba ya zaɓi abin da yake so, ya rayu ba ya hangen na kowa. Ni ce na ɗauki kishin da shi bai taɓa yi ba. Na san haka sarai. Amma har yau, in motar kamfanin ta wuce ni a mahaɗar Kawukudi, kau da kai nake yi.