Kwanon da ba ya dawowa wayam

Ina durƙushe a wani shago a kasuwar Shahe ta Guangzhou ina duba ɗinkin rigunan yara, sai saƙon 'yar mai gidan da nake zaune ya shigo wayata. Layi ɗaya ne: Baba ya rasu da asuba a asibiti. Na karanta sau biyu, na mayar da rigar cikin ledarta, na ce wa mai shago zan dawo. Ban dawo ba. Abin da ya faru a wannan makon, ko shekara nawa na ƙara a duniya ba zai bar raina ba.

Mutumin ɗan China ne, tsoho, shi ne mai gidan da nake haya a Panyu. Ni ina sama, shi yana ƙasa, inda yake da ɗan shagon sayar da jar giya ta inabi. Da farko Lawban nake ce masa, yadda ake kiran kowane mai shago a can. Daga baya na koma ce masa Baba, kuma ya amsa.

Duk Lahadi nakan yi girkin gida da kaina, da kuka da daddawar da ake kawo mini daga Kano. A gidanmu ba a girki maƙwabci ya ji ƙanshi a hana shi, don haka na zuba tuwon shinkafa da miyar kuka a kwano na kai masa. Ban san su ma suna da tasu al'adar ba, wato ba a mayar da kwano wayam. Washegari ya ƙwanƙwasa ƙofata, kwano a hannu ɗaya, kwalbar giya a ɗayan, yana ta murmushi.

Na karɓi kwanon, na ƙi karɓar kwalbar. Fuskarsa ta sauya nan take. Ya zaci raina ta na yi, don haka ya sauka ya hawo da wadda ta fi ta tsada. Sai da muka zauna a kan matakala, da guntun Turancinsa da guntun Sinancina, na fahimtar da shi cewa addinina ne ya hana, ba na sha, ba na ajiyewa, ba na ɗauka.

"Ko ɗigo?" in ji shi.

"Ko ɗigo, Baba."

Ya girgiza kai kamar an ba shi labarin mutuwa. "Kana girki irin wannan, kana korawa da ruwa? Kai mugu ne."

Daga ranar kwanona da lemo ko gyaɗa yake dawowa, tare da rahoto. Ya kafa wa kansa aikin gano wace giya ce ta dace da kowace miya tawa. Ni da ban taɓa ɗanɗanawa ba, na haddace karatun tsaf saboda yawan maimaici. Akwai mai nauyi da yake kira kabane, ya ce tana da bauri, tana kama harshe kamar goro, ita sai nama mai kitse irin balangu. Akwai malo, mai laushi, wadda ya ce ita ce abokiyar shinkafa da miyar tumatir. Akwai fino, mara nauyi, jan launinta har ana hango haske ta ciki. Ita ya aura wa miyar kuka, wai dukansu ƙanshin ƙasa suke yi bayan ruwan sama. Ranar da na cika attaruhu a farfesu ya sha da kabane, ya hawo yana fifita bakinsa da hannu.

"Yaƙi aka yi a bakina," ya ce, "kuma ni aka ci."

Wani lokacin nakan sauka da zoɓona mu zauna a ƙofar shago, shi da kofinsa, ni da nawa, dukansu ja. Bai sake yi mini tayi ba ko sau ɗaya. Yanzu da na ƙara shekaru na gane wannan ba ƙaramin mutunci ba ne daga wanda sana'arsa ke nan.

Kwana uku da rasuwar 'yar ta zo. Ta ce a al'adarsu ranar bakwai ana jera wa mamaci abincin da ya fi so, a zuba masa abin sha a kofi.

"Kawu, miyar nan taka mai yauƙi ya fi so," ta ce. "Ka dafa masa. Kuma ka faɗa mini wace kwalba zan buɗe. Ni ban taɓa sauraronsa ba idan ya fara wannan zancen. Kai kaɗai ka saurara."

Na ce ta ba ni zuwa gobe.

Na samu wani aminina, Bakano, a kasuwar Canaan yana ɗaure kaya, na kwashe komai na faɗa masa. Ya tsaya da igiya a hannu.

"Alhaji, yanzu kai ne malamin giya a Guangzhou? Idan labarin nan ya shiga kasuwar Kwari, wallahi sai dai ka canja suna."

"Ba sha zan yi ba."

"Na sani. Amma ka san bakin mutanenmu. Ka ce mata ka manta mana, a wuce wurin."

Na hau jirgin ƙasa ina juya maganar. Tsoron bakin mutane gaskiya ne, don da sunana nake ci a kasuwa. Amma ban manta ba, kuma ba zan dubi marainiya a makon mutuwar ubanta in yi mata ƙarya ba. Kafin in sauka na yanke abin da zan iya da abin da ba zan iya ba.

Ranar bakwai da hantsi na tuƙa tuwo, na kaɗa kuka, na rage yaji yadda yake so. Na sauka da kwanon nan dai. Na ce mata, "Ba zan taɓa kwalba ba, ba zan zuba ba, ba zan shiga ibadarku ba. Amma abin da babanki ya faɗa zan maimaita miki, don maganarsa ce, ba tawa ba. Ya ce kuka sai fino."

Ta duba kantar har ta gano ta. Ta buɗe, ta zuba a ƙaramin kofinsa, ta ajiye kusa da tuwon a gaban hotonsa. Ni ina tsaye a bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallon kofin, sannan ta ce, "Ashe haka launinta yake." A nan ne ta yi kuka, ni kuma na juya na kalli titi.

Da yamma na tarar da kwanon a ƙofata, a wanke, da lemo huɗu a ciki.

Maganar ta zaga cikin 'yan kasuwa, an ɗan yi mini tsiya, wani ma ya daina gaishe ni na wata biyu. Ban yi nadama ba. Abin da na koya shi ne mutum zai iya tsayawa daram a kan addininsa ba tare da ya zubar da haƙƙin maƙwabci ba, in dai ya faɗi iyakarsa a fili, ya kuma cika abin da ke cikin iyakar.

Akwai wata kwalba daga arewacin ƙasarsu da ya ware a saman kanta, ya ce ta miyar taushe ce, saboda na taɓa kwatanta masa zaƙin kabewa da tsamin yakuwa. Kusan kowace Lahadi sai ya tambaya, ni kuma in ce sai an kawo mini yakuwa mai kyau. 'Yar ta rufe shagon, amma ta ce kwalbar tana wurinta, ba a buɗe ba. Har yau ban dafa taushen ba.